Maƙogwarona da Ƙirjin Yaya Hanne

Wata Asabar ce a damunar 1974, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, aka fara ɗora ni bisa shurin gara a bakin wata gona yamma da Daudawa aka ce in yi waƙa. An kwana ana ruwa, gari ya waye fes, ƙasa ta yi laushi har ƙafa na nutsewa, dawa kuma ta kai gwiwar babban mutum. Gayyar maimai ce, wato noma na biyu, samari sun jeru kafaɗa da kafaɗa da fartanyoyinsu tun daga bakin hanya har gindin wata ɗorawa. Baffa Mati, ƙanin mahaifina, ya rataya gangar noma yana ba ta kashi. Baba shi ne mawaƙin, shi ke bin bayan manoma yana kiran kowa da sunan ubansa da na kakansa har mutum ya manta da ciwon baya. Rana ba ta yi nisa ba muryarsa ta tsaya masa. Ya yi gyaran murya ya sake ɗaukowa, ta sake tsinkewa kamar tsohuwar igiyar guga. Na ga manoma sun fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna dafe ƙugu. Sai kawai na ji an sure ni an dire bisa shuri, Baba ya ce, "Isiya, ɗauko daga inda na aje." Tsoro ne ya buɗe mini baki, ba iyawa ba, amma abin ya fito siriri, garau, ya tafi har ƙarshen gona. Baffa Mati ya waigo ya dube ni, ya ƙara wa ganga wuta, manoma suka sake duƙawa, laka ta riƙa tashi. Can bakin gona na hango yayata Hanne, wadda ta kawo wa manoma kunu, tsaye da ƙwarya a kai ta manta ba ta sauke ba, tana dariya, bakinta na bin baitin tun kafin in kai gare shi.

Da muka koma gida Baba bai yaba mini ba, ba halinsa ba ne. A zaure ya kwance guntun rawanin da ke wuyansa ya naɗa a nawa, ya shiga ciki ya ce wa Inna, "Daga yau maƙogwaron yaron ga ba nashi ba ne, na gida ne. Kowa shi kiyaye." Waƙar noma gadonmu ce. Da ita kakana ya riƙe gidansa, da ita Baba ke cika rabin rumbunmu, domin a wancan zamani da damin hatsi aka fi sallamar mawaƙi. Ya san tasa muryar ta kama hanyar ƙarewa, bai kuma ɗora wa kowa laifi ba sai ƙuruciyarsa: ruwan randa bayan waƙa, kwanan waje, goro, da ihun banza a dandali. A wurinsa muryar ɗa namiji tana da wani kwari da za ta tsallake idan balaga ta zo. Wadda aka kula da ita takan fito da ƙarfinta, wadda aka yi wa sakaci a nan take zama. Ni kaɗai ne namiji mai wayo a gidan, ƙannena wani ana goyo, wani yana tatata. Saboda haka gidanmu kaf ya koma aikin abu ɗaya, a raka muryata ta haye.

Kullum da safe, kafin in ce uffan, sai na kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, sa'an nan in sha wani da aka dafa da citta da kanumfari. Bayan shi Baba ya sauko da wani ɗan gora da ke rataye a ɗakinsa ya lakato mini zuma a bakin cokali, in bar ta ta narke a kan harshe, ba a haɗiye ta da gaggawa. Daga nan in zauna bisa kifaffen turmi in yi ta gunguni baki rufe, ƙasa-ƙasa, har in ji ƙirjina ya ɗumama. "Ba a tada murya da tsawa," in ji shi, "lallaɓa ta ake yi ta tashi." Ruwan randa ya haramta gare ni, nawa a buta yake zama kusa da murhu. An raba ni da ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa wai suna kankare maƙogwaro, an rage mini yaji a miya, tsamiya kuwa ko lasa. Ranar da na yi waƙa a gona ba ni da magana sai washegari. Duk zafin da ake yi ba na kwana a tsakar gida, kuma ana idar da sallar isha'i ake kora ni shimfiɗa, don ya ce barci shi ne rabin murya. Ko kakari ya hana ni. Idan na ji wani abu ya tsaya mini, in kurɓi ruwa in haɗiye a hankali.

Har makaranta dokar ta bi ni. Baba ya sa babbar rigarsa ta zuwa Juma'a ya je ya sami hedimasta, ya roƙi a cire ni daga masu sharar fili, kada kuma a tilasta mini ɗaga murya idan aji na rera lissafi. Hedimasta ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya yarda. Sai ya zama 'yan ajinmu na duƙe da tsintsiya ƙura na tashi, ni ina gindin bedi wai ina gadin allunansu da littattafansu. Idan an fita tara ana barina in buga ƙwallon tsumma in yi langa, da sharaɗin ba ihu, kuma duk wanda ya taɓa cin ƙwallo yana yaro ya san azabar cin ta baki rufe. Wankan rafi kuwa sai dai in zauna bisa dutse in tsare wa mutane wanduna. Yara suka sa mini suna Ƙwai. Da na doso sai ka ji, "Ku matsa, ku matsa, kada shi fashe." Shekarar da aka fara kawo lemon kwalba cikin ƙanƙara daga Funtuwa, wan wani abokina da ya dawo daga lebura a Kaduna ya saya mana kowa ɗaya. Su suka ɗaga suka shanye suna yaƙe haƙora don sanyi, ni na rungume tawa a hammata har ta huce ta zama kamar ruwan wanka kafin in sha.

Abin da ban taɓa tsayawa na tambaya ba shi ne, aikin da aka ɗauke mini, wa aka ɗora wa? Aiki ba ya ɓacewa don an ɗauke wa mutum shi. Yaya Hanne ta girme ni da shekara biyu, ba a sa ta makaranta ba, ita kuwa ta gaji duk wani aikin ɗa namiji mai ƙura ko hayaƙi ko raɓa. Rumbunmu na ƙasa ne, bakinsa a sama, sai an ɗage jinka a zura yaro ciki ya miƙo dami. Ciki duhu ne da zafi, ga ƙaiƙayin gero da ke tashi da an taɓa dami ɗaya. Ita ake zurawa. Takan fito fari fat, idanu jajur, tana atishawa tana sosa wuya. Da kaka, idan za a kai auduga kasuwa, ana buƙatar yaro ya shiga cikin buhu ya riƙa tattakawa ana zubo masa ita a ka. Ita ke shiga. Da damuna ita ke yankan ciyawar dabbobi cikin raɓa tun rana ba ta fito ba, da yamma kuma ita ke hura ɗanyar ciyawa a garke don hayaƙi ya kori sauro daga jikin awaki da jaki. Duk wannan bai rage mata ko ɗaya daga nata na mata ba, ga daka, ga surfe, ga ɗiban ruwa a rijiya. Ruwan ɗumin nan ma da nake kurkurewa da shi, ita ke riga kowa tashi ta duƙa gaban jiƙaƙƙen icce tana hurawa, hawaye na zuba, har wuta ta kama.

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Ban daɗe ba na gano cewa wuyana ya fi kowace rantsuwa aiki a gidan. Idan Inna za ta aike ni cikin rana, sai in ɗan shafa wuya in langaɓe kai, nan take ta ce in zauna. Wata rana aka ce in ɗaure jaki, na yi wani ɗan tarin ƙarya. Hanne ta tsaya riƙe da taɓarya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ranka shi daɗe sarkin maƙogwaro, halan da wuya kake ɗaure jaki, ba da hannu ba?" Kowa ya yi dariya, har ni. Ta jingine taɓarya ta je ta ɗaure shi. Haka take, bakinta ba ya barin ta kwana, amma hannunta ba ya ƙin aiki, ban kuma taɓa jin ta kai ƙarata ba.

Ga shi kuwa a gidan nan kowa ya san wa ya fi murya. Idan Hanne ta durƙusa gaban dutsen niƙa ta ɗauko waƙa, matan maƙwabta kan dakata da daka su saurara ta bayan danga. Muryarta tana da wata 'yar karkarwa a ƙarshen baiti wadda na yi ta kwaikwayo ban samu ba. Waƙoƙin Baba duk suna kanta, da sunayen manoma da na kakanninsu, kuma idan na tsallake wani ko na karya baiti inda ba a karyawa, ita ke kirana bayan rumbu ta gyara mini kafin Baba ya ji. Ya sani sarai. Na taɓa ji ya tsaya a ƙofar ɗaki yana saurarenta, ya girgiza kai ya ce wa Inna, "Da ɗiyar ga namiji ce, da na huta tun tuni." Daga haka bai ƙara ba, domin mace ba ta bin manoma a gona da waƙa, kuma ba wanda ya ga abin a tsaya a yi magana a kai.

Damunar 1976 ita ce ta tsaya mini a rai. Kuɗi sun shigo ƙasa a shekarun nan, ko'ina ka duba sabon babur ne da rediyo mai kaset da kwanon rufi yana ƙyalli. Wani Alhaji a Ketare, can ƙasar Ƙanƙara, da ya samu a kwangilar hanya, ya share wata ƙatuwar gona ya ce zai kira gayyar huɗa wadda za a daɗe ana labarinta. Ya turo ɗan aike har zaurenmu. A lokacin muryar Baba ba ta wuce hantsi, don haka kowa ya san ni zan riƙe wunin nan daga farko har ƙarshe. Idan na riƙe, sunan gidanmu ya shiga wata ƙasa. Idan na sare a tsakiya, to an ga ƙarshenmu a gaban baƙi. Baba ya ƙara tsananta dokokinsa, har hira ya rage mini.

A daidai wannan lokaci geronmu ya fara nuna, tsuntsayen jan baki kuma suka sauko ƙasarmu kamar an yi musu shela. Garke guda idan ya sauka a gona, kafin ka je gida ka dawo sai ka tarar da zangarniya tsirara. Korar tsuntsu aikin yara maza ne. Akan kafa itatuwa huɗu a tsakiyar gona a ɗaura gadon kara a sama, a ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa a rataya musu gwangwanaye, yaro ya hau tun fitowar rana yana jijjiga igiya yana ihu har faɗuwarta. Gwangwani kaɗai ba ya korar jan baki, suna sabawa da shi. Muryar mutum suke tsoro. Baba da Baffa Mati suna gonar dawa, Inna na da goyo. Ba a ma yi shawara ba, Hanne ta ɗaura zane a ƙugu ta hau.

Ni aka ba kai mata fura da rana idan na taso daga makaranta, wuyana naɗe da rawani kamar mai sanƙarau. Tun daga bakin rafi nakan jiyo ta, "Kaaai! Haaa!" A kwanakin farko muryar na fita tar, har da waƙa take haɗawa tana zagin tsuntsayen da iyayensu. Daga baya ta fara kaushi. Ruwa ya yi ta dukanta a can sama, domin jan baki ba ya hutawa don ana yayyafi, rigar ta bushe a jikinta ta sake jiƙewa. Wata rana ina zaune ƙarƙashin gadon tana shan fura, sai ga garke ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, ya nufo tsakiyar gona. Ta dire ƙwarya ta miƙe ta buɗe baki, abin da ya fito bai fi kukan ɗan akuya mai mura ba. Ta sake, jijiyoyin wuyanta suka tashi, ba komai. Na ji ihu ya taso mini tun daga ciki, bakina ya buɗe da kansa. Ta duƙo ta zare mini ido, ta nuna wuyana da yatsa, ta ce da ɗan abin da ya rage mata, "Kul! Ja igiya." Na rufe bakina na ja igiya. Ita ta ɗauki kara ta riƙa dukan gadon tana tsalle tana ƙoƙarin ihu har suka tashi. Na daɗe a duniya, na ga abubuwa, amma ban taɓa jin na ƙasƙanta kamar ranar nan ba, ina ƙato da lafiyayyar murya a ƙasa, ina jan igiya shiru.

Kafin mako ya zagayo tari ya kama ta, irin mai fitowa daga can cikin ƙirji. Inna ta dafa mata ganye, ta yi mata kunun kanwa, abin bai saki ba. Wata safiya Baba ya sauko da gora zai ba ni zuma, Inna ta tsaya a gabansa ta ce, "Malam, a ɗan lakata ma yarinyar ga. Ka ji ƙirjinta kuwa?" Baba ya leƙa cikin gora. Ta yi ƙasa sosai, kuma da damuna masu amyar zuma ba sa ɗiba, ko da kuɗinka ba ka samu. Na ga hannunsa ya tsaya tsakanina da ita, kuma na tabbata da an bar shi da ya ba ta, don ba mugun mutum ba ne. Hanne ce ta raba gardamar. Tana gaban murhu, ba ta ko waigo ba ta ce, "Ku bar mishi abinai. Ni tsuntsu nike ma waƙa, bai san mai daɗi ba." Inna ta yi tsaki ta shige ɗaki. Baba ya miƙo mini cokali. Na karɓa, na bar ta ta narke a kan harshe kamar yadda aka koya mini, ina jin tarinta a bayana, kuma zumar ba ta fasa zaƙi ba.

A Ketare na yi waƙar da ban taɓa yin irinta ba. A bayan akori-kura aka kwashe mu, Baba ya rufe ni da bargo don iska. Manoma sun fi ƙarfin ido, garemani na walƙiya, an yanka sa, mata na ta shigowa da ƙoren fura. Na fara a hankali yadda aka hore ni, ban ba da ƙarfina duka da safe ba, ina kurɓar ruwan ɗumi daga butar da Baba ke biye da ni da ita. Da rana ta take, lokacin da mawaƙa kan sare, ni a lokacin tawa ta buɗe. Na kira samarin Ketare da sunayen kakanninsu, na haɗa su da na wani ƙauye da suka zo taya su, har wani ƙato ya karya ƙotar garmarsa don zuciya. Kafin la'asar an huɗe gonar tas. Alhajin ya cire hularsa ya kifa mini a kai, aka yi alkawarin dammunan da za a aiko mana da kaka. A hanyar dawowa hannun Baba na kan kafaɗata har Daudawa.

Hanne ce ta fara tarbarmu a zaure, ta sauko daga gona ke nan, ƙafafunta duk laka. Ta kama hannuna ta ja ni gefe, ta kawo bakinta kusa da kunnena don in ji, ta ce, "Yaya? Ta riƙe?" Doka ta hana ni magana bayan waƙa, sai na ɗaga mata kai. Ta daki bayana don murna, dariya ta taso mata ta rikiɗe ta zama tari, ta dafa bango har ya lafa. Geronmu ya tsira a shekarar, ba mu rasa ko kashi ɗaya cikin goma ba. Maganarta ta dawo bayan an yi girbi, amma da kaushi, kuma 'yar karkarwar nan ta ƙarshen baiti ta tafi ke nan. Ta ci gaba da niƙa, sai dai shiru, matan maƙwabta ba su ƙara dakatawa da daka ba. Tarin kuma ya samu wurin zama, ya tafi ya dawo, ya fi tsananta duk ranar da ta fito daga rumbu. Ba a daina zura ta ba sai da ƙanena ya isa shiga.

Shekara ta zagayo muryata ta fara fashewa, in fara magana da ta yara in ƙare da ta manya. Baba ya ce kwarin ke nan, ya hana ni waƙa kwata-kwata sai ta daidaita. A daidai lokacin gwamnati na neman malamai ido rufe, saboda an ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, sai aka ɗebe mu daga aji bakwai zuwa kwalejin horon malamai. Baba ya yarda ne don yana ganin wurin hutun murya ya samu. Na tafi da butata da ƙullin citta, na kuma kiyaye dokokinsa har a can, don sun riga sun zama jikina. Abu ɗaya na koya wanda ba shi ya koya mini ba. Na ji yadda 'yan kwaleji ke kiran mawaƙa maroƙa suna taɓe baki, don haka duk wanda ya tambaye ni sana'ar ubana sai in ce manomi ne.

Wani hutun damuna, na zama saurayi har da ɗan gashin baki, Baba ya kira Baffa Mati ya ce ya ɗauko ganga, muka fita bayan gari mu uku. Ya ce in gwada. Na yi gunguni na ɗan lokaci, sa'an nan na saki. Ni kaina sai da na tsorata. Ta fito cikakkiya, mai kauri, ta fi ta da nisa, har wasu masu kiwo can nesa suka juyo. Baba ya zauna dirshan a kan kunya ya rufe fuska da hannun riga. A lokacin Hanne ta yi aure a Sabuwa, mijin wani tela ne da suka daɗe suna son juna. Ranar nan Baba ya nemi mai zuwa can ya ce, "A shaida ma Hanne, ta haye." Saƙon ke nan, bai ƙara ko kalma ba, ya san za ta gane.

Dare bai yi ba Baba ya ce mini akwai gayya a Damari mako mai zuwa. Na ce ina da karatun jarrabawa, sai wani hutun. Wani hutun ya zo na samo wani dalili. Gaskiyar ita ce na hango kaina da farar riga da biro a aljihu, ana ce mini Malam, na kasa haɗa wannan da bin bayan manoma ina kiran sunan kakanninsu. Zamani ma ya taya ni. Samari sun watse birane neman lebura, masu hali sun koma hayar tarakta, wanda ya rage a gona ya rataya rediyonsa a reshe. Gayya ta riƙa ja baya har ta zama sai labari. Baba bai taɓa matsa mini ba, ko sau ɗaya bai yi mini gori ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya rasu ina koyarwa a wani gari. Na yi aikin malanta har na yi ritaya, kuma muryar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba, ɗalibai kan ce daga ajin ƙarshe ana jiyo ni. A kan koyar da jadawalin lissafi da tsawata wa masu surutu na ƙarar da ita.

Hanne kuwa ƙirjinta ya yi ta tsufa yana riga ta. Na taɓa kai ta asibiti, likita ya ce ciwon ya daɗe, irin wanda ƙura da hayaƙi ke haifarwa tun ana yara, sai dai a lallaɓa. Bai ce ni ne ba. Ba wanda ya taɓa cewa ni ne, har ita. Bara na je Sabuwa duba ta, da rana tsaka, don hanyoyinmu yanzu ba a yi musu yamma. Na same ta zaune bisa tabarma ta jingina da bango, saboda kwanciya na toshe mata numfashi, jikoki kewaye da ita. Maganarta ta koma guntu-guntu, ta faɗi kaɗan ta huta. Na ce ta shirya in kai ta babban asibiti a Zariya. Ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Ta ce, "Bar wannan. Yi mani ta Ketare." Ta numfasa. "Kowa ya ji ta. Ni ina bisa gadon kara."

Sai a lokacin na lura ashe ba ta taɓa jin waƙar ba. Na ji kunya ta rufe ni, tsoho da furfura a gidan suruki, amma na gyara zama na rufe baki na yi gunguni, jikokinta na ƙyalƙyala dariya don ba su san abin da nake yi ba. Sa'an nan na ɗauko. Na zaci ta yi tsatsa, ashe tana nan yadda na ajiye ta. Sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa suka riƙa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya, dariyar yara ta tsaya, mata suka leƙo daga ɗakuna. Ta rufe ido tana kaɗa kai. Da na kai ƙarshe ta buɗe su ta dube ni, fuskarta cike da murna tsantsa, ba ko ɗigon ƙorafi. Ta ce, "Ka gani," ta tsaya ta jawo iska, kafaɗunta na ɗagawa, "ba mu yi," ta sake tsayawa, "aikin banza ba."

A hanyar komawa na yi ta duban gonaki ta tagar mota. A da, war haka, da ka ji ganga daga wannan tudu wata na amsa mata daga wancan, mutane jere suna duƙe a kunya ɗaya. Yanzu wasu gonakin sun koma daji don masu su ba sa iya zuwa, waɗanda ake nomawa kuma kowa shi kaɗai ne da jarkar feshi a baya. Yaran yau suna shan ƙanƙara su yi ihu yadda suka ga dama, ba mai naɗa musu rawani a wuya, ba kuma wadda ake zurawa a rumbu a madadinsu, wannan kam na gode wa Allah. Amma ina kewar zamanin da gida guda zai tsaya a kan muryar yaro ɗaya, ko da yake na san wadda ta ɗauki nauyin tsayuwar. Har yau idan na buɗe baki, da numfashinta nake magana.